Inda Manya Suke Fin Ƙaramin Ɗan Kirifto, Da Yadda Zai Toshe Ƙofofin

Mai dala miliyan 50 da mai dala 200 farashi ɗaya suke gani a allo, amma ba farashi ɗaya suke biya ba. Babu ɗayansu da ya san abin da gobe za ta zo da shi. Abin da ya raba su shi ne babban yana biyan kuɗin ciniki kaɗan, yana samun kaya tun kafin a fito da su kasuwa, odarsa tana isa kafin taka, kuma ba mai tilasta masa ya sayar a ranar da bai shirya ba. Wasu daga cikin waɗannan ba ka da yadda za ka yi da su. Mafi yawansu kuwa kai ne kake buɗe musu ƙofa da hannunka, kuma ana iya auna su da kalkuleta kafin a danna maɓalli.

Fara da kuɗin da ake cira a kowane ciniki

A manyan manhajojin musaya irin su Binance da Bybit, mai asusu na yau da kullum yana biyan kashi 0.1 cikin 100 a duk saye ko sayarwa na sifot, wato cinikin koin ɗin kansa kai tsaye. Wanda yake juya miliyoyin daloli a wata yana hawa matakan VIP, kuɗinsa ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da rabin naka, wasu kamfanonin ma da ke cika kasuwa da oda manhajar ce ke mayar musu da ɗan wani abu.

Kashi 0.1 kamar ba komai ba ne, sai ka lissafa. Jarinka dala 500, kana shiga ka fita sau ɗaya a rana da dukkansa. Shiga santi 50, fita santi 50, dala ɗaya ke nan kullum. A wata dala 30, wato kashi 6 cikin 100 na jarin. Sai ka ci ribar kashi 6 kowane wata kafin ka dawo inda ka fara. Don haka abu na farko shi ne ka buɗe tarihin cinikinka na wata uku da suka wuce, ka tara abin da aka cire a matsayin kuɗin ciniki, ka raba da jarinka. Idan ya haura kashi 1 a wata, yawan shiga da fita ne yake cinye ka, kuma maganinsa a rage yawan ciniki. Ragin da ake samu ta hanyar biya da koin ɗin manhajar, kamar BNB da ke mayar da 0.1 zuwa 0.075, yana taimakawa, amma bai kai rage ciniki daga talatin zuwa huɗu a wata ba.

Ka ƙara da tazarar farashin P2P (cinikin mutum da mutum a manhaja), wadda mutanenmu suke mantawa da ita. Misali ka sayi USDT, koin ɗin da darajarsa ke bin dala ɗaya, a naira 1,520, masu saye kuma suna bayar da 1,500: ka riga ka bar kashi 1.3 a hanya tun kafin ka taɓa kowane koin. Mai canza naira zuwa USDT ya dawo da ita kowane mako yana biyan wannan sau huɗu a wata.

Karanta littafin oda kafin ka saya

Farashin da ke saman allo na cinikin ƙarshe ne da aka yi. Abin da za ka biya yana cikin jerin odojin masu sayarwa, waɗanda aka saba nunawa da ja. A ce jerin ya nuna haka: kayan dala 300 a kan 0.500, na dala 400 a kan 0.505, na dala 800 a kan 0.520. Ka danna saye nan take da dala 1,000. Za ka kwashe layin farko da na biyu gaba ɗaya, ka ci dala 300 daga na uku. Jimilla tokin 1,969, matsakaicin farashinka 0.508, kusan kashi 1.6 sama da abin da ka gani. Ranar fita ma haka za ta faru ta ɗaya ɓangaren.

Manya ba sa yin wannan kuskuren. A watan Agustan 2020 kamfanin MicroStrategy ya sayi bitkoin 21,454 a kan dala miliyan 250, kuma ba oda ɗaya ya jefa ba: an yanka sayen gunduwa-gunduwa, na'ura tana sakawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, don kada kasuwa ta farga farashi ya tashi. Wasu kuma ba sa ma bi ta littafin oda. Suna zuwa wurin dillalan bayan fage, a yi ciniki a daidaita farashi ɗaya na dukkan kayan.

Kai ma kana iya yin irin wannan daidai ƙarfinka. Ka riƙa amfani da oda mai iyaka, wadda aka rubuta Limit, ka sa farashin da kake so ka jira. Idan akwai zaɓin Post Only ka kunna shi, domin yana hana odarka cin ta wani nan take, sai ta zauna a littafi. Sannan ka shiga CoinGecko, mai tattara farashin koin, ka buɗe shafin koin ɗin, sashen Markets. Akwai layi biyu da ke nuna yawan kuɗin da zai motsa farashi da kashi 2 sama ko ƙasa a kowace manhaja. A ganinmu odarka kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na adadin da ke ɓangaren ƙasa, domin shi ne ƙofar fitarka. Idan an rubuta dala 4,000, to dala 200 ce iyakarka a wannan kasuwar, komai kyan labarin koin ɗin.

Kada kuma ka yarda da katuwar oda da ka gani zaune a littafi wai bango ce da za ta tare faɗuwa. Sakawa da cirewa kyauta ne. Ana dasa ta don ƙanana su yi ƙarfin hali su saya, farashi na matsowa a janye ta. Adadin cinikin da ake bugawa ma ana hura shi. A 2019 kamfanin Bitwise ya gabatar wa hukumar hannun jari ta Amurka rahoton da ya ce kusan kashi 95 cikin 100 na cinikin bitkoin da manhajoji ke ikirari na bogi ne, kuma a Oktoban 2024 hukumar FBI ta bayyana cewa ita da kanta ta ƙirƙiri wani tokin mai suna NexFundAI don kama kamfanonin da ake biya su riƙa saye da sayarwa tsakaninsu.

Lebarej: nan ne aka fi yanka ƙanana

Duk sauran ƙofofin a hankali suke zubar da kuɗi. Wannan kuwa dare ɗaya take kwashewa. Ban da maganar halaccinsa, wadda malamai suka daɗe suna tattaunawa a kanta, lissafin kansa ya isa ya sa mutum ya tsaya.

Lebarej shi ne a ninka maka girman ciniki fiye da kuɗin da ka ajiye. Ka sa dala 200 ka ninka sau 20, kana riƙe da matsayin dala 4,000. Ana cire kuɗin ciniki a kan 4,000 ɗin ne. A kashi 0.05, shiga dala 2, fita dala 2, kashi 2 cikin 100 na kuɗinka ya tafi ko farashi bai motsa ba. Sai kuɗin riƙo da ake musaya tsakanin masu cewa zai hau da masu cewa zai sauka, galibi duk bayan awa 8. A lokacin da kasuwa take kwance yakan zama kashi 0.01, masu jiran hawa su ne ke biya. A kan dala 4,000 santi 40 ke nan sau uku a rana, dala 36 a wata, kashi 18 na ainihin kuɗinka. Idan kasuwa ta yi zafi kowa ya ruga saye, wannan adadin yana ninkawa sau biyar ko goma. Wa ke karɓa? Sau da yawa babban da ya sayi koin ɗin a sifot, ya kuma buɗe matsayin sauka daidai da shi a fiucas, kasuwar da ake cinikin hasashen hawa ko saukar farashi. Hawa da sauka ba ruwansa, kuɗin riƙon da kuke biya kawai yake tarawa.

Sai batun kwashewa. A ninki 10, faɗuwar kusan kashi 9.5 ta isa a rufe maka matsayi a cinye abin da ka ajiye. A ninki 20 kusan kashi 4.5, a ninki 50 kusan kashi 1.5. Bitkoin kan yi motsin kashi 1.5 cikin awa guda ba tare da wani labari ba. Kuma wuraren da za a kwashe mutane ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin ƙanana suna shiga a wuri ɗaya, da ninki iri ɗaya, su sa odar tsayar da asara ƙasa kaɗan da lamba mai sifili ko ƙasa da inda farashi ya tsaya jiya. Shafuka irin su Coinglass har taswirar hasashen waɗannan wurare suke bugawa. Mai son sayen kaya masu yawa ya san idan farashi ya taɓa nan za a samu tulin masu sayarwa na dole, kuma kowace kwashewa tana tura farashi ƙasa ta jawo ta gaba da ita. Kamar mai rumbu ne a Dawanau da manomin da bashin taki ya shaƙe wa wuya: dukansu sun san masara za ta yi tsada da damina, amma ɗaya ne zai iya jira, ɗayan dole ya sayar da kaka, kuma mai rumbun ne zai saya.

Ranar 10 ga Oktoban 2025, wajen ƙarfe goma na dare agogon Najeriya da Nijar, bayan Donald Trump ya sanar da ƙarin harajin kashi 100 a kan kayan Sin, an kwashe matsayi na kusan dala biliyan 19 cikin kwana guda. Ƙananan koin da yawa sun zube fiye da rabi cikin mintuna, sannan suka farfaɗo da wani kaso mai yawa. Wanda yake riƙe da su a sifot ya wayi gari da asara a takarda. Mai ninki uku kacal a kansu ya wayi gari babu komai, duk da farashin ya ɗago.

Idan duk da haka za ka taɓa, to daga asara ake fara lissafi. Jarinka dala 1,000, ka yanke cewa ciniki ɗaya ba zai ci fiye da kashi 1 ba, dala 10. Wurin da za ka yarda hasashenka ya rushe yana kashi 5 ƙasa da inda ka shiga. Raba 10 da 0.05, ka samu dala 200. Girman matsayinka ke nan, kuma ka ga ba ya buƙatar ninki ko ɗaya. Ka zaɓi Isolated maimakon Cross, don ciniki ɗaya kada ya janyo duk abin da ke asusun. Ka kuma sani odar tsayar da asara ba alkawari ba ce: a daren da kasuwa ta tsage tana iya cika can ƙasa da inda ka sa ta, ko manhajar ta tsaya cak saboda cunkoso.

A wasu wuraren ma dokar ba ɗaya ba ce. A shari'ar Sam Bankman-Fried a 2023 an nuna cewa manhajar FTX ta keɓe kamfaninsa na Alameda daga kwashewar da ake yi wa kowa, har asusunsa yana iya shiga bashi ba a rufe shi ba.

Wa ya riga ka saye, kuma nawa ya biya?

Kafin a jera sabon tokin a manhaja, masu zuba jarin farko da ma'aikatan kamfanin sun riga sun samu nasu da araha, an kulle na wani lokaci. A ce tokin biliyan ɗaya aka ƙirƙira, miliyan 100 ne kawai a kasuwa, farashi dala ɗaya. Darajar abin da ke yawo dala miliyan 100, darajar duka dala biliyan ɗaya. Sauran miliyan 900 suna nan tafe, wata bayan wata. Wanda ya saya a santi 5, ko farashi ya faɗi da kashi 80 ya koma santi 20, ya ninka kuɗinsa sau huɗu, don haka zai sayar hankali kwance a inda kai kake kuka.

Binciken minti goma ne. A CoinGecko ko CoinMarketCap ka kwatanta Market Cap (darajar abin da ke yawo) da FDV (darajar duka). Idan na farkon bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na biyun ba, akwai kaya masu yawa a hanya. Ka duba ranakun saki a Tokenomist, ka raba adadin da za a saki da adadin da ke yawo yanzu. Sakin da ya kai kashi 5 a rana ɗaya ba abin wasa ba ne, kuma farashi yakan fara laushi tun kafin ranar, saboda masu kayan suna kare kansu a fiucas da wuri. Sannan ka buɗe Etherscan, BscScan ko Solscan, sashen Holders, ka tara abin da walat (ma'ajiyar koin) goma na sama suke riƙe da shi, bayan ka cire na manhajojin musaya da na tafkin ciniki da adireshin ƙonawa, inda ake jefa tokin don a fitar da shi daga yawo. Mutum ɗaya yana iya raba kayansa a walat hamsin, shi ya sa ake haɗawa da Bubblemaps, wanda ke nuna walat ɗin da suka yi ta tura wa juna.

Ba ɓoye waɗannan abubuwa ake yi ba, karantawa ce ba a yi. Da aka fito da koin ɗin TRUMP a Janairun 2025, shafinsa ya rubuta ƙarara cewa kashi 80 cikin 100 yana hannun kamfanoni biyu masu alaƙa da shi, za a riƙa saki cikin shekara uku. Wata guda bayan haka LIBRA, wanda shugaban Ajantina Javier Milei ya tallata, ya haura darajar dala biliyan 4 ya rushe cikin awoyi, bayan walat na ciki sun janye kuɗi.

'Yan mainin, masu tara koin kyauta a waya, ma wannan lissafin ya shafe su. Ranar fashewa, wato ranar da aka fara cinikin koin ɗin a kasuwa, ita ce ranar da miliyoyin mutane suke riƙe da abin da suka samu kyauta, kowa yana son ya mayar da shi kuɗi. Haka aka gani da Hamster Kombat ranar 26 ga Satumban 2024. Pi kuma ya buɗe ranar 20 ga Fabrairun 2025, ya kusa dala 3 cikin mako guda, kafin ƙarshen Maris ya koma ƙasa da dala ɗaya. Wanda ya tara kyauta ya yanke tun kafin ranar kaso nawa zai sayar da kuma a wane farashi. Wanda zai sa kuɗin aljihunsa ya saya a makon farko kuwa, ya san cewa shi ne kasuwar da sauran suke jira.

A Uniswap da PancakeSwap ana ganin odarka kafin ta cika

A waɗannan manhajojin, inda ake musaya kai tsaye daga walat, babu littafin oda, tafki ne mai kaya biyu. A ce akwai USDT 100,000 da tokin miliyan ɗaya, farashi santi 10. Ka zuba dala 5,000, za ka samu tokin 47,619, wato ka saya a santi 10.5, farashin tafkin kuma ya koma sama da santi 11. Kashi 5 ya tafi saboda girman odarka kawai. Ka duba girman tafkin a DexScreener tukuna. Oda da ta wuce kashi 1 na kuɗin da ke ɓangare ɗaya ta fara yin tsada.

A Ethereum cinikin da ka tura yana zama a zauren jira inda kowa ke gani, kafin a saka shi a bulo na gaba, wato rukunin cinikin da ake tabbatarwa tare, wanda ke fitowa duk daƙiƙa 12. Na'urorin manya suna karanta wannan zauren. Sun ga za ka saya, sai su saya a gabanka, farashi ya tashi, taka ta cika da tsada, su sayar a bayanka, duk a bulo ɗaya. Iyakar abin da za su iya ci ita ce zamewar farashin da ka amince da ita a wurin Slippage. Ka sa kashi 15 don ciniki ya wuce da sauri, ka ba su izinin cin kusan kashi 15. A manyan tafkuna 0.5 ya isa. Tokin da ba ya sayuwa sai an sa 10 ko 20, ko dai tafkinsa ya yi ƙanƙanta ko an dasa haraji a cikinsa. Ka haɗa walat ɗinka da Flashbots Protect, ko ka bi ta CoW Swap, don cinikin kada ya bi ta zauren da kowa ke leƙe. Kuma a kowane sabon tokin ka fara saye na dala biyu, ka gwada sayarwa nan take, domin akwai waɗanda aka rubuta su yadda saye ke wucewa amma sayarwa ba ta wucewa.

Sauri da labari: a bar musu

Kamfanonin ciniki suna ajiye kwamfutocinsu kusa da na manhajar, odarsu ta isa cikin ƙiftawar ido. Kai kana kan waya, netwok yana hawa yana sauka. Duk cinikin da ribarsa ta dogara da wanda ya riga danna maɓalli, kamar mintin farko na sabon jeri ko lokacin da babban bankin Amurka ke sanar da kuɗin ruwa, an gama shi kafin allonka ya sabunta. Labarin ciki ma yana yawo: a 2023 kotun Amurka ta ɗaure Ishan Wahi, tsohon ma'aikacin Coinbase, shekara biyu saboda yana tsegunta koin ɗin da za a jera. Siginar da ta iso gurup ɗin Telegram ko WhatsApp mai mutum dubu ashirin ta riga ta bi ta hannaye da yawa, kuma na farkon suna buƙatar masu saye.

Bin sawun walat ɗin manya a Arkham ko Whale Alert yana da amfani idan an san mai walat ɗin da niyyarsa, kamar lokacin da hukumomin Jamus suka sayar da bitkoin kusan 50,000 a Yuni da Yulin 2024, kowa yana kallon ragowar tana raguwa. A mafi yawan lokuta kuwa rabin hoton kake gani. Koin ɗin da aka tura manhaja yana iya zama jingina, ko manhajar ce ke sauya ma'ajiya, kuma matsayin da mutumin ya buɗe a fiucas ba ya fitowa a bulokcen, kundin da ke nuna motsin walat.

Abin da kake da shi wanda babba ba shi da shi shi ne ƙanƙanta. A bitkoin ko Ethereum, dala 300 tana shiga ta fita ba ta motsa komai ba, kuma ba ka da masu jari da za su tambaye ka rahoton wata uku. Ka raba sayenka gida huɗu ko shida a ranakun da ka tsayar tun farko, kowanne da oda mai iyaka, da kuɗin da ba na haya ba, ba na makaranta ba, ba na adashi ba. Abin da za ka riƙe fiye da wata biyu ka janye shi zuwa walat ɗin da kalmominsa 12 ko 24 suke rubuce a takarda a hannunka. Ka fara tura ɗan kaɗan na gwaji, ka tabbatar netwok ɗin da ka zaɓa a manhaja shi ne na adireshin da ke karɓa, ka kuma duba kuɗin cirewa kafin ka tabbatar: idan dala ɗaya ce a kan dala 20, ka jira ya taru ya kai 200.